Conversations da ’yan uwanta: bitar manhajojin hira na XMPP da yadda suke kulle saƙo

Wanda ya saba da WhatsApp bai taɓa tsayawa yana tunanin wace manhaja zai saka a wayarsa ba, domin kamfani ɗaya ne ke da hanyar, shi ke da sabar da saƙonni ke bi, wato kwamfutar da ke karɓar su ta isar da su, shi ne kuma ya rubuta manhajar. A XMPP lamarin ya sha bamban. XMPP ƙa’idar sadarwa ce da aka rubuta aka baza ga kowa, duk mai iyawa yana da damar ya kafa sabar tasa ko ya gina manhajarsa a kanta, kuma mai asusu a wata sabar yana hira da mai asusu a wata kamar yadda mai layin MTN ke kiran mai layin Airtel ba tare da ya sauya layi ba. Adireshin mutum yana kama da na imel, wato suna, sai alamar @, sai sunan sabar, babu ruwansa da lambar waya. Wannan ’yanci yana zuwa da ɗawainiya, domin zaɓen manhaja ya koma wuyan mai amfani, kuma zaɓen nan shi ne ke yanke hukuncin ko saƙonninsa za su tafi a kulle ko a buɗe. Wannan bita ta fi karkata ga Conversations, manhajar Android da na fi sani kuma mafi yawan masu XMPP ke farawa da ita, sannan za ta taɓo waɗanda ake haɗa ta da su a iPhone da kwamfuta.

Sai an san asalin ƙa’idar kafin a gane dalilin da ya sa manhajojinta ba su zo daidai da juna ba. Jeremie Miller ne ya fito da ita a 1999 da sunan Jabber, hukumar IETF mai tsara ƙa’idojin intanet ta amince da ita a 2004, aka kuma sake gyara ta a 2011. Google Talk ya taso a kanta a 2005, kafin Google ya juya mata baya a 2013 lokacin da ya koma Hangouts. Facebook ma ya taɓa barin manhajojin XMPP su shiga hirarsa, ya rufe ƙofar a 2015. WhatsApp kansa daga wani gyararren nau’inta ya fara, sai dai ya toshe hanyar da za ta haɗa shi da sauran sabobi. Ginshiƙin ƙa’idar ƙarami ne ƙwarai. Kusan duk abin da mai hira ke tsammani a yau, irin su aika hoto, ajiye tarihin saƙo a sabar, ganin saƙo ɗaya a waya da kwamfuta, da kulle saƙo, ƙari ne da ake rubutawa daban a takardun da ake kira XEP, kuma babu wanda ya tilasta wa marubucin manhaja ko mai sabar ya ɗauki kowane ƙari. Saboda haka manhajoji biyu za su iya amsa sunan XMPP alhali ɗaya tana rayuwa a wannan zamani, ɗayar kuma ta tsaya a shekaru goma sha biyar da suka wuce.

Daniel Gultsch, wani Bajamushe mai rubuta manhaja, shi ya fitar da Conversations a 2014, kuma har yanzu shi ne ke riƙe da ragamarta. Lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ƙarƙashin lasisin GPL, kowa na iya dubawa. A Google Play ana sayar da ita a kan ’yan kuɗi kaɗan, a F-Droid kuma, wani rumbun manhajojin Android na daban, kyauta ce, abin da zai yi wa wanda katin bankinsa ba ya biyan kuɗin waje daɗi. Fuskarta ba ta da hayaniya: jerin hirarraki, maɓallin fara sabuwa, sai saituna. Babu talla, babu shafin labarai, babu wurin ɗora sitatus, kuma ba ta kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum ta kai wa sabar. Tana aika hoto da bidiyo da saƙon murya da wurin da mutum yake, tana bari a gyara saƙon da aka riga aka aika, tana ɗaukar asusu fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma tana iya bi ta hanyar Tor, mai ɓoye adireshin intanet na mai amfani, ga wanda ya saka Orbot, manhajar da ke haɗa waya da Tor. Kiran murya da na bidiyo tsakanin mutum biyu sun shigo a 2020. Mayar da martani ga saƙo da ɗan hoton fuska kuwa sai a 2024 ya iso, wanda ke nuna irin saurin da aikin mutum ɗaya ke yi idan aka kwatanta da kamfani mai dubban ma’aikata. Wanda hirarsa ba ta tafiya sai da sitika zai ga manhajar ta yi masa bushe.

Inda ta fi burge ni shi ne halinta a kan layi mara ƙarfi. Tana amfani da wani ƙari da ke ba ta damar ci gaba daga inda ta tsaya idan sabis ya yanke ya dawo, ba tare da saƙo ya ɓace a tsakani ba, da wani kuma da ke sanar da sabar cewa allon waya a kashe yake domin ta dakatar da turo abubuwa marasa muhimmanci. Sakamakon haka ba ta cin data sosai, batir ma ba ta shan shi kamar yadda ake zato ga manhajar da ke riƙe da layinta a buɗe dare da rana. Matsalar da ke nan daga wayoyin take, ba daga manhajar ba. Yawancin wayoyin Android da ake sayarwa a kasuwanninmu suna zuwa da tsarin tanadin batir mai zafin hannu, wanda ke kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage, kuma idan aka kashe Conversations saƙo ba zai shigo ba sai an buɗe ta. Nau’in da ke Google Play yana iya farkawa ta hanyar sanarwar Google idan sabar ta goyi bayan hakan, na F-Droid kuwa ba ya dogara da Google, don haka dole mai shi ya shiga saitunan waya ya cire ta daga jerin waɗanda ake kashewa. Wanda bai yi wannan ba zai yanke hukuncin cewa XMPP ba ya kai saƙo, alhali wayarsa ce ke hana shi isowa.

Kulle saƙo shi ne ainihin abin da ya sa ake maganar wannan manhaja, kuma a nan ya kamata a daɗe. Duk manhajar XMPP ta zamani tana rufe hanyar da ke tsakanin waya da sabar da TLS, irin rufin da shafin banki ke amfani da shi. Wannan yana hana mai gidan intanet ko mai leƙe a hanya karanta saƙo, amma da saƙon ya isa sabar sai ya buɗe, mai sabar na iya karanta shi. Kulle na biyu, wanda ke farawa a wayar mai aikawa kuma ba ya buɗewa sai a wayar mai karɓa, shi ake kira OMEMO. Andreas Straub ne ya tsara shi a 2015 a cikin shirin Google na ɗaliban bazara, kuma a cikin Conversations aka fara saka shi. An ɗora shi a kan dabarar da Trevor Perrin da Moxie Marlinspike suka ƙirƙiro wa manhajar hira ta Signal, wadda WhatsApp ma ya kammala ɗauka a 2016: mabuɗin kulle yana sauyawa a kai a kai, ta yadda wanda ya sace mabuɗin yau ba zai iya buɗe saƙonnin bara da ya tara ba. Abin da OMEMO ya kula da shi musamman shi ne mutum mai na’ura fiye da ɗaya. Kowace waya ko kwamfuta tana da nata mabuɗin, kuma mai aikawa yana kulle saƙon sau ɗaya sannan ya kulle mabuɗin saƙon ga kowace na’ura ta mai karɓa da sauran na’urorinsa shi kansa. Hoto da fayil ma ana kulle su a waya kafin a ɗora su a sabar. Tun daga 2018 Conversations ke kunna OMEMO da kanta a hirar mutum biyu da zauren hira, wato group, da ke rufe, ta kuma jingine tsohon tsarin OTR wanda ba ya aiki sai mutanen biyu suna kan layi a lokaci guda.

Tambayar da kowane irin wannan kulle ke fuskanta ita ce ta yaya mutum zai tabbata mabuɗin da sabar ta miƙo masa na abokin hirarsa ne da gaske, ba na wani da ya kutsa a tsakani ba. Amsar da Conversations ta zaɓa tsaka-tsaki ce. Da farko tana yarda da duk mabuɗin da aka kawo mata ba tare da tambaya ba, domin kada sabon shiga ya gaji ya kashe kullen gaba ɗaya. Amma daga ranar da mutum ya haɗu da abokinsa ya ɗauki lambar QR da ke wayarsa, manhajar ta daina yarda da kowace sabuwar na’ura da ta bayyana da sunan wannan aboki sai an tabbatar da ita. A ganina wannan shawara ce mai hankali, sai dai tana da illa guda da ya kamata a faɗa a fili: mafi yawan mutane ba sa kaiwa ga mataki na biyun, kuma muddin ba a tabbatar da mabuɗi ba, mai sabar mara amana ko wanda ya ƙwace sabar yana iya cusa nasa mabuɗin a jerin na’urorin mutum ya riƙa samun kwafin saƙo.

Wannan ba tsoratarwa ce ta banza ba. A watan Oktoba na 2023 masu gudanar da jabber.ru, ɗaya daga cikin tsofaffin sabobin XMPP masu yawan jama’a, sun gano cewa an daɗe ana karkatar da hanyar da ke shiga sabobinsu da ke ajiye a Jamus, da takardun shaidar TLS sahihai, irin waɗanda sabar ke nuna wa manhaja don tabbatar da cewa ita ce, waɗanda ba su ne suka nema ba, kuma asirin bai tonu ba sai da wa’adin ɗaya daga cikin takardun ya ƙare ba a sabunta ta ba. Duk saƙon da ya dogara da TLS kaɗai a wannan lokaci a buɗe yake ga mai leƙen. Waɗanda suka tsira da tabbaci su ne masu kulle saƙo daga waya zuwa waya da suka tabbatar da mabuɗan juna. Bayan wannan lamari an ƙara matsa ƙaimi a kan wata dabara da ke ɗaure shigar mutum asusunsa da ainihin layin TLS da yake kai, domin manhaja ta gane idan akwai wani a tsakani, kuma Conversations na cikin waɗanda suka riga sauran ɗaukarta, ko da yake ba ta aiki sai sabar ma ta goyi baya.

Akwai iyakokin da ba a cika ambata ba idan ana yabon manhajar. Na farko, OMEMO yana ɓoye abin da aka faɗa ne kawai. Wa ya yi magana da wa, da ƙarfe nawa, daga wane adireshin intanet, da jerin abokan mutum, duk suna gaban mai sabar. Na biyu, nau’in OMEMO da Conversations da mafi yawan takwarorinta suka daɗe suna amfani da shi tsohon ne, wanda ke kulle jikin saƙo ya bar wasu bayanai na gefe, irin su alamar cewa mutum yana rubutu ko ya karanta, a buɗe. An rubuta sabon nau’i da ke rufe waɗannan, amma bai jitu da tsohon ba, kuma sauya sheƙa a tsarin da ba shi da shugaba ɗaya abu ne mai jan lokaci, tunda babu manhajar da ke son ta zama ta farko da za ta kasa magana da sauran. Wannan shi ne ƙorafin da Marlinspike ya yi a 2016 lokacin da yake kare matakinsa na ƙin barin Signal ta haɗu da wasu sabobi, kuma dole a yarda cewa a kan wannan gaɓar lokaci ya ba shi gaskiya: Signal ta ƙara kariya daga kwamfutocin kwantam na gaba, waɗanda ake tsoron za su iya fasa kullen yau, a 2023 cikin sabuntawa guda, ta isa ga kowa.

Zaure ma yana da nasa sharaɗi. OMEMO ba ya aiki sai a zauren da ke na ’yan gayyata kaɗai kuma kowa ke ganin adireshin kowa, domin mai aikawa yana buƙatar mabuɗin kowace na’ura ta kowane ɗan zaure. Zauren jama’a da kowa ke shiga a buɗe yake, kuma manhajar ba ta ɓoye hakan. A zaure na iyali ko na abokan aiki kaɗan abin yana tafiya lafiya, amma idan mutane suka yi yawa, ya isa a samu mutum ɗaya da manhajarsa ba ta wallafa mabuɗinta daidai ba sai a fara ganin saƙon da ke cewa ba a kulle wannan saƙo domin wannan na’ura ba. Sabuwar waya kuma ba ta iya karanta tsofaffin saƙonnin da ke ajiye a sabar, tunda ba a kulle su da mabuɗinta ba. Hanyar tsira ita ce fitar da kwafin ajiya daga tsohuwar wayar, wanda manhajar ke kullewa da kalmar sirrin asusun, a mayar da shi a sabuwar, tare da kiyaye cewa ba a ci gaba da amfani da wayoyin biyu da mabuɗi ɗaya ba. Wanda aka ƙwace masa waya bai taɓa yin wannan kwafi ba ya yi bankwana da tarihin hirarsa.

Tunda ba kowa ke riƙe da Android ba, ingancin Conversations ya rataya a kan abin da abokan hira suka saka. A iPhone, Monal ce zan ba da shawara, tana da OMEMO da kira, kuma ana ci gaba da aiki a kanta. Siskin IM ma tana nan. Sai dai Apple ba ya barin manhaja ta riƙe layi a buɗe a bayan fage, don haka komai ya dogara da sanarwar da sabar ke turowa, kuma idan sabar ba ta saita wannan da kyau ba mai iPhone ne zai fara kokawa da jinkirin saƙo. A kwamfuta Gajim ce ta fi cika, tana aiki a Windows da Linux, tana da OMEMO a jikinta, tana kuma da kyau ga mai zauruka da yawa, ko da yake kira ba shi ne ƙarfinta ba. Dino ta fi sauƙi da tsabtar fuska, tana yin kiran murya da bidiyo har na mutane da yawa, amma gidanta Linux ne. Wadda zan ce a guje mata ita ce Pidgin, duk da tsohon sunan da ta yi: ba ta zuwa da OMEMO sai an liƙa mata ƙari daga waje, kuma ta rasa abubuwa da dama na zamani, ta yadda mutum ɗaya mai amfani da ita kan jawo a kashe kulle a hirar gaba ɗaya don a samu a ji shi.

Zaɓen sabar yana da nauyi daidai da zaɓen manhaja, kuma a nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa. Conversations tana tayin buɗe asusu a conversations.im tun a shafin farko, wanda ke rage wahala, amma duk wata sabar da ke karɓar rajista za ta yi. Akwai shafin gwaji da ke nuna ƙarin da kowace sabar ke goyon baya, kuma ya cancanci a leƙa shi kafin a yi rajista, domin sabar da ba ta ajiye tarihin saƙo ko ba ta karɓar fayil za ta sa manhaja mafi kyau ta zama gurguwa. Yawancin sabobin kyauta ’yan sa-kai ne ke gudanar da su, kuma ranar da mai ita ya gaji ya rufe, adireshin mutum ya tafi da ita. Ga ƙungiya ko makaranta ko ƙaramin kamfani da ke da wanda ya iya kwamfuta, Snikket ta fi dacewa: Matthew Wild, wanda ya rubuta Prosody, wata manhajar kafa sabar XMPP, shi ya haɗa ta, tana zuwa da sabar da aka riga aka saita da manhajar Android da aka samo daga Conversations, kuma ana shigar da mutane ne ta hanyar tura musu gayyata kawai. Akwai kuma Quicksy, wadda Gultsch ya fitar daga Conversations, kyauta a Google Play, tana rajista da lambar waya kamar WhatsApp. Tana da amfani wajen jawo dangin da ba za su iya da zaɓen sabar ba, amma ta mayar da abin da mutane da yawa suka zo gudu, musamman a Najeriya inda aka ɗaure kowane layin waya da lambar NIN ta mai shi.

Hukuncina ya danganta da abin da mutum ke nema. Wanda rayuwarsa ko aikinsa ke cikin haɗari idan aka san da wa yake magana, kamar ɗan jarida mai bincike, Signal ta fi masa, domin kullenta ya fi sabunta, ba ta da saitin da za a kashe shi bisa kuskure, kuma ta fi ƙoƙarin rage bayanan da sabar ke gani, ko da yake har yanzu sai da lambar waya ake rajista. Wanda ke son manyan zauruka da tarihin da ke bin sa zuwa sabuwar na’ura zai fi jin daɗin Element a kan ƙa’idar Matrix, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce, sai dai sabarta ta fi nauyin ɗauka. Conversations kuwa ta wanda damuwarsa ita ce kada hanyar sadarwarsa ta kasance a hannun kamfani ɗaya. Wanda ya tuna ranar 4 ga Oktoba 2021 da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, ko watannin da aka toshe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ya san cewa damuwar tana da tushe, ko da yake babu manhajar da za ta yi amfani idan layukan waya ne aka katse ɗungurungum kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021. Ga irin wannan mutum, Conversations ce mafi ingancin abin da XMPP ke da shi a Android, kuma ta cancanci kuɗin da ake sayar da ita. Sharuɗɗan da zan gindaya su ne ya zaɓi sabar da ta ci gwaji, ya cire manhajar daga tsarin tanadin batir, ya gaya wa abokan hirarsa takamaiman manhajar da za su saka maimakon ya bar su su laluba, ya kuma ɗauki lambar QR ta mutanen da hirarsu ke da muhimmanci a gare shi tun a haɗuwar farko.